Aiken Baba Lasisi

Ba wanda ya mutu mini.
Abin da ya fi ba ni kunya ke nan.
Albashi na shiga, fanka na juyawa,
amma wata biyar na yi a ɗakina na Obalende
ina kallon tabon yoyo a jikin silin
har na san shi fiye da tafin hannuna.

Masu dubiya su ce, “Ina ke maka ciwo?”
in rasa inda zan ɗora yatsa.
Wani ya ce raunin imani ne,
wani ya ce hutu ne ya yi mini yawa.
Likitar Yaba ta ce ciwon damuwa ne,
yana da suna, yana da magani.
Ta rubuta mini ƙwayoyi,
ta ce in nemi dalilin sa takalmi da safe.

Baba Lasisi mai hoton fasfo, na ƙasan benenmu,
shi ya rataya mini tsohuwar kyamararsa,
igiyarta na warin man zafi.
“Idona ya gaji,” in ji shi, da Hausarsa ta Agege.
“Je ka Takwa ka gano mini tsuntsaye.
Kada ka dawo da ita ciki fayau.”

Da magani ya kira shi, da ban je ba.
Aike ne, kuma ba a ƙin aiken tsoho.

Kwalekwale mai inji ya ratsa da mu
ta gindin jiragen da ke jiran layin Apapa.
Gishiri ya dakar mini leɓe.
Na tuna ina da leɓe.

Hoto na ɗaya: ruwa.
Na biyu: ruwa, da gefen yatsana.
Na tara: sarari, wurin da tsuntsu ya bari.

Farare ne, baki kamar tsinke,
wutsiya a tsage irin ta tsattsewa.
Ba su da suna a bakin kakata,
ita balbela ta sani, da zalɓe, da shamuwa.
Sai na raɗa musu nawa:
Mai Nutso, Ɗan Gaggawa,
da wata gurguwa da ke tsayuwa kan duwatsun tare igiyar ruwa,
na ce mata Hajiya Ba-ruwana.

Wani masunci da ke ɗinkin koma
ya ce da hannu: zauna, daina bin su.
Na zauna. Yashi ya shige mini wando.
Awa guda. Wataƙila biyu.

Sai ga Mai Nutso ta tsaya cak a kan iska,
fiffike na kaɗawa, kai a sunkuye.
Na ɗauke numfashi.
Muryar nan da ke kwana da ni, ke tashi da ni,
mai cewa ba ni da amfani,
ita ma ta yi shiru tana kallo.
Tsuntsuwa ta faɗa ruwa kamar jifa,
ta fito da ɗan kifi mai walƙiya.

Ban danna ba.
Na manta da kyamara a hannuna.

Da dare Baba Lasisi ya kai gilashin dab da hancinsa,
yana wuce hotuna ɗaya bayan ɗaya.
“Wannan farin, tsuntsu ne?”
“Leda ce, Baba.”
Dariya ta kuɓuce mini, mai tsatsa,
kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ba zan ce na warke ba.
Ina shan ƙwayoyina, ina zuwa Yaba ran Talata.
Akwai safiyar da tabon silin ke rinjaya,
in kashe waya, in juya wa taga baya.

Amma jiya na sami Hajiya Ba-ruwana sarai,
ƙafa ɗaya, ido ɗaya a kaina,
teku na fasa kai a bayanta.
Baba ya ce hasken bai yi ba, in sake.

Takalmana na bakin ƙofa.
Ban kakkaɓe yashin ba.